Sayen Kyautar Sallah a Manyan Kantunan Saudiyya: Tambayoyi da Amsoshi

Daga tsakiyar watan Sha'aban har zuwa jajibirin ƙaramar Sallah, da kuma daga kamawar Zulhajji har alhazai su gama komawa gida, Hausawa mazauna Jidda da Makka da Madina da Riyad kan shiga hidimar neman abin da za su bai wa iyali da maƙwabta, da tsarabar da za su aika Najeriya ko Nijar ta hannun masu tafiya. Yawancinmu mun saba da kasuwa, mun san lungunan da ake samun sauƙi a Bab Sharif ta Jidda ko Utaibiyya ta Makka, amma manyan kantuna na alfarma suna da nasu tsarin, kuma wanda bai san shi ba yakan zubar da kuɗi a kan abin da bai cancanta ba, ko kuma ya ƙi leƙawa gaba ɗaya alhali akwai kayan da a can ne kaɗai zai saye su hankalinsa a kwance. An amsa tambayoyin da ke ƙasa ne da tunanin mai albashi ko mai sana'a wanda yake da mutane da yawa a wuyansa.

Mene ne amfanin zuwa babban kanti, alhali kasuwa ta fi araha?

Abin da mutum yake biya a babban kanti ba kayan kaɗai ba ne, har da tabbacin cewa na asali ne, da takardar shaidar saye wadda za ta tsaya masa idan matsala ta taso bayan ya koma gida. Wannan tabbacin yana da daraja a kan wasu kaya, a kan wasu kuma asarar kuɗi ne kawai. Turare mai suna, da agogo, da kayan kwalliyar da ake shafawa a fata, da kayan lantarki, duk abubuwa ne da jabunsu ya cika gari, kuma ido ba ya iya bambance na gaske da na bogi sai an yi amfani da su. A irin waɗannan, ƙarin kuɗin da za a biya a kanti mai rajista ya fi zama alheri. Amma dardumar sallah, da carbi, da hula, da jallabiyar zaman gida, da mayafi na yau da kullum, babu dalilin da zai sa a saye su a inda ake lissafa kuɗin hayar bene da na sanyaya ɗaki a cikin farashinsu. Ra'ayina shi ne mutum ya raba jerin sunayensa gida biyu tun kafin ya fita: waɗanda kyautarsu take bukatar babban kanti, da waɗanda kasuwa ta wadatar, kuma zai tarar kashi na farko bai fi mutum kaɗan ba.

Waɗanne kantuna ake nufi, kuma a ina suke?

A Jidda akwai Red Sea Mall a arewacin gari kusa da bakin teku, da Mall of Arabia a kan hanyar Madina, da jerin shagunan alfarma na titin Tahliya, da kantin Rubaiyat wanda ya yi suna wajen kawo tufafi da jakunkuna na manyan kamfanonin Turai. A Riyad akwai shagunan da ke ƙarƙashin dogon benen Mamlaka, da na Faisaliyya inda aka buɗe reshen kantin Harvey Nichols na Ingila a shekarar 2000. A Makka mutane sun fi sanin shagunan benen agogo da ke fuskantar Harami, da Makkah Mall, a Madina kuwa akwai Al Noor Mall da Al Rashid. Tun da aka buɗe jirgin ƙasa na Haramain a 2018, mazaunin Makka yana iya zuwa Jidda ya yi sayayya ya koma a rana guda, kuma wanda yake neman zaɓi mai yawa zai fi samunsa a Jidda. Shagunan da ke daf da Harami suna da sauƙin kaiwa ga mahajjaci, sai dai cunkosonsu a lokacin Umarar azumi da na Hajji ba ya barin mutum ya tsaya ya duba kaya a natse.

Wane lokaci ya fi dacewa a je?

Kafin azumi ya kama, idan da hali. A Sha'aban kaya suna cike, kowane awo na riga da takalmi yana nan, masu jiran shago ba su gaji ba, kuma teloli suna karɓar ɗinki. Da zarar an shiga goman ƙarshe, garin yakan juye: kantuna su buɗe da rana na ɗan lokaci, su rufe kafin buɗa-baki, sannan su sake buɗewa bayan tarawihi har zuwa tsakar dare da bayanta, hanya ta cushe, wurin ajiye mota ya zama abin nema, layin biyan kuɗi kuma ya miƙe. Wanda ya bari sai waɗannan dararen, bayan wahalar da zai sha, ya kuma sayar da lokacin ibada mafi tsada a shekara da tsayuwa a gaban mai karɓar kuɗi.

Wanda bai samu zuwa kafin azumi ba, ya nemi ranakun aiki daga Lahadi zuwa Laraba, tunda hutun mako a nan Juma'a ne da Asabar, kuma ya fi kyau ya je bayan azahar lokacin da mafi yawan mutane suke hutawa. A tuna cewa ana biyan ma'aikatan gwamnati albashi ranar 27 ga watan Miladiyya, don haka kwanakin da ke biye da ita sun fi kowane lokaci cika. Ko da yake tun 2021 ba a tilasta wa shaguna rufewa a lokacin sallah kamar da, har yanzu wasu suna sauke ƙofa, kuma a kowace babbar cibiyar sayayya akwai masallaci da wurin alwala na maza da na mata.

Ana tayi a waɗannan kantuna? Kuma kuɗin da aka rubuta shi ne za a biya?

A shagunan tufafi da jakunkuna da kayan kwalliya ba a tayi, kuma mai jiran shago ba shi da ikon rage ko halala ɗaya, wato kwabon riyal. Farashin da ke jikin kaya ya kamata ya ƙunshi harajin VAT, wanda aka fara karɓa a kan kashi 5 cikin ɗari a farkon 2018, aka ɗaga shi zuwa kashi 15 a watan Yulin 2020. Idan aka zo biya sai na'ura ta nuna kuɗin da ya fi na jikin kaya, mutum yana da damar ya tsaya ya nuna takardar farashin, kada kunya ta sa ya biya ya tafi. Inda ake samun sassauci shi ne wajen masu turare da masu zinare. Mai turare yakan ƙara wa mutum kwalba ko ɗan turaren wuta idan ya sayi da yawa, mai zinare kuma yakan rage kuɗin ƙira. Tambaya cikin ladabi ba ta rage wa kowa daraja, kuma Larabawan gari da kansu suna yin ta.

Rangwamen da ake rubutawa a ƙofa gaskiya ne?

Doka ta wajabta wa kanti ya nemi izinin Ma'aikatar Kasuwanci kafin ya sanar da rangwame, ya nuna takardar izinin a inda za a gani, kuma ya rubuta tsohon farashi da sabo a jikin kaya. Wannan ya rage algus ƙwarai, amma bai hana dabara ba. Rubutun da ya ce ragi ya kai kashi 70 yana iya zama gaskiya a kan riguna biyar da suka kwana a lungu, sauran kaya kuwa suna kan kuɗinsu. Haka nan tayin “sayi biyu a ba ka ɗaya” ba riba ba ne ga wanda guda ɗaya yake bukata. Manyan lokutan ragi na haƙiƙa su ne kusa da Ranar Ƙasa ta 23 ga Satumba, da Ranar Kafuwa ta 22 ga Fabrairu, da ƙarshen Nuwamba, da ƙarshen kowane yanayi na sanyi ko zafi. Mai dabara yakan sayi abin da ba ya lalacewa, kamar agogo ko jaka ko saitin kofuna, a irin waɗannan lokuta ya ajiye har Sallah ta zo.

Turare nake son bayarwa. Yaya zan zaɓa ba tare da an cuce ni ba?

Turare shi ne kyautar da ta fi karɓuwa tsakanin Hausawa da Larabawa baki ɗaya, kuma ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya mayar da kyautar turare. Sai dai a nan ne kuma aka fi yin asara, domin abin da ake kira oud kala-kala ne. Akwai itacen da ake ɗorawa a kan garwashi, akwai mai da ake tatsowa daga itacen wanda ake sayarwa da awon tola, akwai kuma turaren fesawa wanda sunan oud kawai yake ɗauke da shi. Tola ɗaya kimanin mililita 12 ce, rubu'inta kuma 3, kuma ɗan rubu'in nan na mai mai kyau daga Indiya ko Kambodiya yana iya fin babbar kwalbar fesawa tsada nesa ba kusa ba. Don haka duk wanda aka miƙa masa cikakkiyar tola a kan kuɗin abincin rana aka ce masa tsantsa ce, ya san gauraye ne.

Gidajen turare irin su Arabian Oud da Abdul Samad Al Qurashi da Ajmal suna da rassa a kusan kowace cibiya, kuma za su bar mutum ya gwada. Hanyar gwaji ita ce a ɗiga kaɗan a bayan hannu, a fita daga shagon, a zaga na kimanin rabin sa'a, sannan a sake shinshinawa, domin ƙamshin farko yakan gushe ya bar na ainihi, kuma a cikin shago hanci ya riga ya cika da ƙamshi goma. Itacen ƙonawa kuwa a nemi mai shago ya ɗora ɗan ɓallin a wuta: mai kyau za a ga maiƙo yana tsattsafowa yana tafasa a jikinsa, hayaƙinsa ba ya yaji a ido, kuma ƙamshin ba ya rikiɗewa zuwa warin ƙonannen katako da wuri. Kada a gwada fiye da uku ko huɗu a zuwa ɗaya.

A kuma yi la'akari da wanda za a bai wa. Dattijo ya fi son mai mara ƙarfin fesawa wanda zai shafa ranar Juma'a, kuma wasu malamai suna ƙyamar turaren da aka haɗa da sinadarin barasa, ko da yake akwai saɓani a kan hukuncinsa, don haka mai tsantsa ya fi zama lafiya gare su. Matan gidajenmu kuwa, waɗanda suka san humra da turaren wuta na Barno, ba a burge su da kwali, hancinsu ne alƙali. Ruwan furen wardi na Ɗa'ifa da man sa kyauta ce ta ƙasar nan wadda ba kowa yake tunawa da ita ba.

Zinare fa? A babban kanti ya kamata a saya ko a kasuwar zinare?

Kuɗin zinare kashi biyu ne: kuɗin giram na ranar, wanda yake bin kasuwar duniya kuma kusan ɗaya ne a ko'ina, da kuɗin ƙira, wanda kowane shago yake yanka nasa. A shagunan alfarma kuɗin ƙira da na sunan kamfani suna iya yin nauyi sosai, kuma ranar da mace ta tashi sayarwa, nauyin zinaren kaɗai za a auna a biya ta, ba za a lissafa ƙira ko duwatsun ado ba. Tunda a al'adarmu zinaren mace ado ne kuma ajiya ce ta ranar bukata, wanda yake saya wa matarsa ko 'yarsa ko mahaifiyarsa zai fi amfanar da su idan ya zaɓi mai karat 21 mara duwatsu da yawa daga shagon zinare mai lasisi, maimakon mai karat 18 da aka ƙawata. Ana gane su da hatimin da ke jiki: 875 na nufin 21, 750 na nufin 18, 916 kuma 22. A sa a auna a gaban ido, kuma a tabbatar takardar saye ta bayyana nauyi da karat da kuɗin ƙira daban-daban. Wannan takarda a ba wa mai kyautar tare da zinaren, domin za ta bukace ta wata rana. Namiji ba a ba shi zinare ko alharini tsantsa, zoben azurfa ko agogon ƙarfe ya wadatar.

Me ya dace da iyaye da surukai?

Abin da za su yi amfani da shi a gaban mutane su ce ɗansu ne ya aiko. Ga Baba ko suruki, yadi mai kyau wanda zai kai wa telansa ya ɗinka yadda ya saba ya fi rigar da aka riga aka ɗinka da yankan Larabawa, wadda sau da yawa takan ƙare a ƙasan akwati. Alkyabba mai kyau, ko hirami, ko takalmin fata mai taushi su ma suna shiga. Ga Inna ko suruka, abaya mai kauri wadda ba ta da tarkacen ado, da mayafi, da kaskon turare na lantarki, da flas ɗin shayi mai riƙe zafi. Dabino kuwa ba ya taɓa zama kuskure: ajwa ta Madina saboda falalarta, sukkari na Ƙasim saboda laushi da zaƙi, khalas na Ahsa don shan gahawa. Shaguna irin su Bateel suna jera shi a akwati mai kyau, wani an cusa masa almond ko ɓawon lemo, amma a sani cewa rabin kuɗin na akwatin ne. Ga gidan da ke da jama'a, katan ɗin dabino mai kyau daga kasuwar dabino ya fi ƙaramin akwatin da ba zai zaga kowa ba. Idan akwai mai ciwon sukari a gidan, a haɗa masa da wani abin daban.

Wanda yake da mata fiye da ɗaya, ko yake aika wa gidan da ke da kishiyoyi, ya daidaita darajar kyautar, ko da launi da ƙira sun bambanta. Ledar babban kanti a hannun ɗaya da baƙar leda a hannun ɗaya tana iya haddasa abin da ya fi kuɗin kayan yawa.

Yara fa?

Yara kayan Sallah suke so da goron Sallah, kuma al'adar nan ta raba musu sababbin takardun riyal biyar da goma ta yi daidai da tamu. Bankuna kan samar da sababbin kuɗi kafin Sallah, sai a nema da wuri. Ba na ganin hikimar saya wa yaro ɗan shekara huɗu riga mai tsadar gaske wadda zai fi ƙarfinta kafin babbar Sallah. Idan za a aika gida ne, a ƙara awo ɗaya a kan wanda uwar ta faɗa.

Idan kayan bai yi wa mai shi daidai ba, ana iya mayarwa?

Ma'aikatar Kasuwanci ta hana shaguna rataye rubutun nan na cewa kayan da aka saya ba a mayarwa ba a canzawa, kuma duk kayan da aka samu da aibi ko algus mai saye yana da haƙƙin mayar da shi. Amma kayan da lafiyarsa ƙalau, mutum ne kawai ya sauya ra'ayi ko awo bai yi ba, wannan yana bin ƙa'idar kowane kanti, wadda dole ne ya bayyana ta a rubuce. Wani yana ba da kwanaki kaɗan na karɓar kuɗi da wasu kwanaki na canji, wani kuma ba ya mayar da kuɗi sai dai ya ba da takardar da za a sayi wani abu da ita. A tambaya kafin a biya, musamman idan an saya makonni kafin Sallah, domin wa'adin yana iya ƙarewa tun kyautar ba ta isa hannun mai ita ba. Turaren da aka buɗe, da kayan kwalliya, da tufafin ciki, galibi ba a karɓarsu. Kada a cire takardar da ke rataye a jikin riga, farashin kawai za a goge ko a yanke. A ɗauki hoton rasit da waya, domin rubutun irin wannan takarda yana gogewa cikin zafi. Idan kanti ya ƙi bin doka, ana kai ƙara ta lambar 1900 ko ta manhajar ma'aikatar.

Da me ake biya? Kuma ya halatta mutum ya karɓi tsarin biya kashi-kashi?

Ana karɓar tsabar kuɗi, da katin mada na bankunan ƙasar, da biya ta waya, da katunan ƙasashen waje. Wanda ya zo da katin banki daga gida ya tambayi bankinsa iyakar abin da zai iya kashewa a waje kafin ya taso, kuma idan na'ura ta ba shi zaɓin kuɗin da za a cire, ya zaɓi riyal. Lissafi ba shi da wuya, tunda an ɗaure riyal da dala a kan 3.75 tun 1986.

Kamfanoni irin su Tabby da Tamara suna raba wa mutum kuɗin kaya gida-gida, kuma za a ga tambarinsu a gaban kusan kowane mai karɓar kuɗi. Hukuncinsa a Shari'a tambaya ce da mutum zai kai wa malamin da ya amince da shi. Abin da zan faɗa shi ne bashi bashi ne ko da an yanka shi ƙanana, kuma tsakanin ƙaramar Sallah da babba kimanin kwana saba'in ne kacal, ga kuɗin layya, ga sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, ga haya, ga na gida suna jiran aike. Sauƙin da tsarin yake nunawa yana sa mutum ya ɗauki jakar riyal dubu biyu yana ganin ɗari biyar ce kawai. Kyautar da za ta hana mai ita barci watanni uku ba ta cancanci a yi ta ba, kuma iyayen da aka yi dominsu da sun sani ba za su yarda ba.

Suna naɗe kyauta?

Manyan shagunan turare da na agogo da na cakulan irin su Patchi suna naɗewa, da yawansu kyauta, kuma a cibiyoyin akwai masu wannan sana'a da ake biya. Idan kayan jirgi zai hau, kada a naɗe, domin jami'an bincike suna iya buɗewa. A karɓi takardar naɗin da zaren, sai an isa can a naɗe.

Zan tafi da kayan gida ko in ba wa mai tafiya. Me ya kamata in kiyaye?

Duk wani ruwa da ya wuce mililita 100 ba ya shiga jakar hannu, don haka manyan kwalaben turare a akwati za su tafi, a naɗe kowace da tufafi a tsakiyar kaya. Ƙa'idar jiragen sama ta iyakance turare da makamantansa ga fasinja ɗaya zuwa lita 2 gaba ɗaya, kuma kada kwalba ɗaya ta wuce rabin lita. Na'urar cajin waya ta tafi-da-gidanka da sauran batura a jakar hannu suke tafiya, ba a akwati ba. Zinare da agogo mai tsada su zauna a jikin mutum tare da takardunsu, kuma idan suna da yawa sai an bayyana su ga jami'an kwastam. Cakulan ba ya jure zafin hanya. Ruwan zamzam yana da nasa tsarin na galan mai lita 5 da aka rufe musamman, ba a cusa shi cikin akwati.

Game da ba wa wani saƙo, a buɗe kayan a gabansa ya gani da idonsa, a rubuta sunan mai shi a jiki, kuma a tuna cewa nauyin da aka yarje masa ƙayyadadde ne, shi ma yana da nasa dangin. Haka kuma kada kowa ya karɓi ƙullin da bai ga cikinsa ba, ko daga wa ya fito.

Kayan lantarkin da aka saya a nan suna aiki a gida?

Waya da kwamfuta da cajojinsu suna aiki ba matsala, kuma bakin soket mai ƙafa uku da ake amfani da shi a nan irin na Najeriya ne, Nijar ce take bukatar mahaɗi mai ƙafa biyu. Bambancin shi ne wutar Saudiyya tana tafiya a kan 60 Hz, ta ƙasashenmu kuma a kan 50, don haka abin da yake da inji a ciki, kamar na'urar markaɗe ko ta wanki, a duba bayansa a ga an rubuta 50/60. Garantin shekara biyu da doka ta tanada a kan kayan lantarki a cikin ƙasar nan yake aiki ta hannun wakilin kamfani, ba lallai ne a karɓe shi a Kano ko Damagaram ba. A kunna kayan a gwada kafin a rufe akwati.

Ina jin nauyin shiga irin waɗannan wurare, ga Larabcina bai nuna ba. Yaya zan yi?

Wannan damuwa ce ta gaske, kuma ba laifin mai jin ta ba ne, domin akwai 'yan'uwanmu da suka taɓa gamuwa da kallon raini a wasu wurare. Amma ƙofar kanti a buɗe take ga kowa, dubawa ba ta wajabta saye, kuma riyal ɗin Bahaushe daidai yake da na kowa. Hausawa sun daɗe a ƙasar nan, akwai zuriyar da kakanninsu suka zo aikin Hajji a ƙasa ta hanyar Sudan suka zauna, kuma ba abin mamaki ba ne mutum ya tarar mai jiran shagon ya fito daga irin waɗannan gidaje. A shiga da sallama, a faɗi abin da ake nema da iyakar kuɗin da aka tanada tun farko, wannan yana sa mai shago ya daina jan mutum zuwa abin da ya fi ƙarfinsa. Hoton kayan a waya yana maye gurbin dogon bayani. Wanda bai gamsu ba ya yi godiya ya fita, idan kuma aka yi masa rashin ladabi ya nemi manaja.

Wani daga gida ya turo kuɗi in saya masa kaya. Yaya zan kauce wa saɓani?

A yi magana a fili kafin a taɓa kuɗin. A ɗauki hoton kayan da farashinsa a tura masa, a jira amincewarsa a rubuce ko da muryarsa, a faɗa masa canjin da aka yi lissafi da shi a ranar, sannan a aika masa hoton rasit bayan an biya. Mutanen gida da yawa suna riƙe da farashin shekarun baya, kafin harajin kashi 15 da faɗuwar darajar naira, don haka idan kuɗin bai kai na asali ba, a gaya masa gaskiya ya zaɓa: ko ya ƙaro, ko a sayi ƙarami na gaske, ko a fasa. Kada a cika masa da jabu a saka a ledar babban kanti don a faranta masa. Idan akwai kuɗin mota ko na ƙarin nauyi a jirgi da za a cire, shi ma a ambata tun farko, kuma canjin da ya rage, ko riyal uku ne, a sanar da shi a tambaye shi yadda yake so a yi da shi.